Shagon intanet daga Shinkafi: wa zai tsaya maka?

1/
Zaren yau da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare. 🧵

Tambayar da ta fi yawa a akwatin saƙona: "Ina so in fara saida kaya a intanet, me ya fi wahala?" Masu tambayar suna jira in ce jari, ko iya ɗaukar hoto, ko tara mabiya. Ni daga Shinkafi nake sayarwa, amsata daban ce, kuma sai mun koma baya kusan shekara 200 kafin ta fito sosai.

2/
Abin da ya fi wahala shi ne samun wanda zai tsaya maka.

Mutum yana Abuja, bai taɓa ganinka ba, bai san gidanku ba. Ka ce ya turo kuɗi, kaya na nan tafe. Ya ce a'a, kai turo kaya, kuɗi na nan tafe. Nan ciniki yake cijewa. Kakanninmu sun sha wannan tun babu waya babu mota, kuma sun samo mafita. Mu muka zo da manyan wayoyi, muka manta yadda suka yi.

3/
Don ku san daga inda nake magana: yaji, daddawa, garin kuka, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa nake turawa. Inna da Gwaggo da maƙwabtansu ke yi a cikin gida, ni nawa hoto, amsa saƙo da zaryar tasha. Yawancin masu saye 'yan Zamfara ne da aiki ko karatu ko aure ya kai Kaduna, Abuja, Legas. Ba ni da wani shafi na kaina. WhatsApp ne, da Facebook, da nan.

4/
Mu fara da goro. A ƙarni na 19 fataken Hausa suna tashi da ayarin jakuna zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, arewacin Gana ta yau. Tafiyar watanni ce. Su kai tufafi da kanwa da fata, su dawo da goro.

Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi littafi guda kan wannan fatauci a 1980. Zuriya uku ya nuna sun fi riƙe shi: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari. Na ƙarshen nan suna da tushe a Gummi. Wato harkar ba ta Kanawa kaɗai ba ce, da mu Zamfarawa a ciki.

5/
Ayari ba taron 'yan tafiya ba ne kawai. Akwai madugu, shi ya san hanya, ya san inda za a yi zango, ya san sarkin da za a ba kuɗin fito da nawa za a ba shi, ya san dajin da 'yan fashi ke kwanto. Akwai jagaba a gaba. Ƙaramin falke mai jaki biyu ba zai iya ratsa wannan hanya shi kaɗai ba, sai ya raɓu da madugu.

Ku riƙe sunan madugu, za mu dawo kansa.

6/
Wanda ya fi burge ni shi ne mutumin da ke jira a can ƙarshen hanya: fatoma, ko mai gida.

Ka isa garin da ba ka jin yarensu. Shi zai sauke ka, ya ba ka ɗaki da abinci, ya ajiye kayanka, ya yi maka tafinta. Dillalansa su nemo mai saye. Ya san wanda ke biyan bashi, ya san wanda in ya ci ya ci ke nan. In aka ba da kayanka bashi, da sunansa aka bayar. Ladansa la'ada, da dawowar da za ka yi gidansa baɗi.

7/
Wani Bature, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 yana nazarin Hausawan can, littafinsa ya fito a 1969. Abin da ya gani: ana kawo shanu daga Arewa, mahautan Yarabawa su ɗauka bashi, su yanka su sayar, daga baya su biya. Ba banki, ba takardar lauya. Mai shanun baƙo ne, bai san mahaucin ba. Mai gida ne ya san shi, shi ya tsaya.

8/
Me ya sa abin bai rushe ba? Don kowa yana da abin da zai rasa. Mahauci ya ƙi biya, labari ya zaga kasuwa, ba mai sake ba shi saniya. Mai gida ya yi sakaci da dukiyar baƙo, labari ya kai Arewa, baɗi baƙi su sauka gidan wani. Sunansa shi ne jarinsa, kuma ba ya iya sauya shi.

Yanzu fa? Ɗan damfara ya cinye kuɗin mutum goma, ya goge shafi, ya sauya layi, gobe ya dawo da sabon suna da hoton Ka'aba a fuskar shafinsa.

9/
Ɓangaren goro ma ya fi kama da abin da muke yi. Attajiri yana zaune a Arewa, ya aika kuɗi ga mai gidansa a Kudu. Can a saya, a ɗaure a huhu, a loda, ya iso masa. Bai ga kayan ba sai da suka zo.

To mene ne wannan in ba oda ba? Ana yinta tun kafin a haifi iyayenmu. Bambancin, akwai mutum mai gida da iyali da masallacin da yake salla, wanda za a je a kama in abu ya ɓaci.

10/
Sai jirgin ƙasa ya zo ya sauya hanya. Layin dogo ya isa Kano a 1911. Reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Nan ya ƙare, bai ƙara gaba ba.

Garin da sunan Namoda, jarumin Alibawa na zamanin jihadi, ya bi, sai ga shi ya zama bakin ƙofar yankinmu zuwa teku. Gyaɗa da audugar ƙauyukan Shinkafi da Zurmi, Ƙaura suke nufa.

11/
Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt sun baza kantuna a garuruwan da dogo ya bi. Amma Bature bai san manomi ba, bai san ƙauye ba. Dole ya nemi ɗan gari ya ba shi kuɗi a gaba ya shiga ya sayo.

Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, Ba'agale ne, da goron Gwanja ya fara kafin gyaɗa. Abin da ya kawo wa harkar gyaɗa shi ne mutane: yara da wakilai a ƙauyuka da suka yarda da shi, shi ma ya yarda da su. Jirgi ya rage tafiya, bai rage buƙatar mai tsayawa ba.

12/
Yanzu ga wanda ya fi kusa da mu, kuma ba a cika kiransa tarihi ba don na mata ne.

Wata Baturiya, Polly Hill, ta yi bincike a Ɓatagarawa kusa da Katsina. A 1969 ta rubuta maƙala kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki na ƙasar Hausa: matan aure suna cikin kulle, amma suna saida hatsi, mai, ƙuli-ƙuli, tuwo, fura, daga gida zuwa gida. Ba rumfa, ba fita. Kasuwa ce sukutum wadda baƙo zai ratsa gari bai ganta ba.

13/
Shago ba tare da shago ba. Mu da muke ta ɗaga kai wai mun kawo sabon abu, Inna tana yi tun ba a yaye ta da daɗewa ba. 😅

Sitatus ɗin WhatsApp faranti ne na talla. Sai dai ku duba yarinyar da ke ɗauke da farantin: ita ce hoton kaya, ita ce mai kaiwa, ita ce mai karɓo kuɗi, kuma kowa ya san 'yar gidan wane ce. In man ya yi ɗaci an san ƙofar da za a buga. Aiki huɗu a kan yarinya ɗaya.

14/
Ba yabon talla nake ba. Ta hana 'yan mata da yawa makaranta, ta jefa wasu cikin abin da ba a faɗa. In waya za ta sauke farantin daga kan ƙannenmu, wallahi ina murna.

Abin da nake nunawa: ranar da ka ɗauke yarinyar ka sa waya, hoto kawai ka maye. Sauran ayyukan uku suna nan suna kallonka.

15/
A Agustan 2001 wayar GSM ta fara aiki a Najeriya, da Econet da MTN. Ta ɗauki lokaci kafin ta iso mana. Da ta iso, 'yan kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, masu shanu da hatsi da albasa, ba su jira wani ya koya musu ba. Kafin a loda mota an kira Legas an ji farashi.

Amma lura: wanda suke kira mai gidansu ne na da. Wayar ta hau kan tsohuwar amana ne, shi ya sa ta yi musu aiki nan take.

16/
2012 aka buɗe Jumia da Konga a Legas. Manyan kuɗi, rumbuna, babura, talla a talabijin. Su ma bangon da ni da kai muke karo da shi suka tarar: ɗan Najeriya ba zai saka lambar katinsa ya biya abin da bai taɓa ba. Ƙasar da aka san 419 ce.

Sai suka ce to, a kawo maka har gida, ka gani, sannan ka biya.

17/
Tsarin ya jawo masu saye, ya kuma zo da nasa ciwon. Mutum ya yi oda don nishaɗi, a zo ya kashe waya. Kaya su yi tafiya su dawo, kamfani ya biya zuwa da dawowa. A Maris 2017 aka kashe wani mai kai saƙon Jumia a Fatakwal, waɗanda suka yi odar wayoyi ne suka hallaka shi.

Ƙarshen 2017 Konga ta dakatar da biya-in-an-kawo, ta rage ma'aikata da yawa. Farkon 2018 Zinox ta saye ta.

18/
Ka tsaya ka yi tunani: kamfanin da ya tara miliyoyin daloli ya sha wuya a kan tambayar "wa zai fara saki, mai kuɗi ko mai kaya?" To kai da ka fara da kwali biyu a ɗakin zaure, in abin ya yi maka nauyi ba rashin iyawarka ba ne.

19/
A Sin sun bi ta wata hanya. Alibaba ta buɗe Taobao a 2003, ba da jimawa ba ta haɗa shi da Alipay. Mai saye ya biya, kuɗin ya tsaya a tsakiya. Mai kaya ya tura. Sai mai saye ya ce ya karɓa sannan a sakar wa mai kaya kuɗinsa.

Da na fara karanta wannan dariya na yi. Ai fatoma ne. Fatoma suka zuba a cikin kwamfuta. Da shi har ƙauyukan Sin suka shiga saida kaya a intanet, tare da cewa su an yi musu titi da kamfanonin kai saƙo.

20/
Mu dawo gida. Yaro ko yarinya a Shinkafi, Zurmi ko Ƙaura ya buɗe shafi yau. Me ya gada? Ba fatoma, ba madugu, jirgin Ƙaura kuwa sai labari. Manyan kamfanonin kai saƙo ƙarfinsu a manyan birane yake. Abin da ya rage masa guda ne: tasha.

21/
Direban tasha shi ne madugun zamaninmu, kuma ban ga wanda ya taɓa gode masa a rubuce ba.

Kwali ya tashi daga Shinkafi zuwa Ƙaura, zuwa Gusau. Can a sauya mota: Tsafe, Funtuwa, Zariya, Kaduna, wani lokaci a sake sauyawa zuwa Abuja. Hannu biyu ko uku. Ba rasit, ba lambar bibiya. Suna da lambar waya ne a jikin kwali da maka, sai lambar direba da za ka tura wa mai kaya.

22/
Kuma yawanci yana isa. Wannan shi ne abin mamakin. Yana isa ne don direban ɗan gari ne, ɗan kamasho ya san shi, shugabannin tasha sun san shi, gobe nan zai dawo ya yi lodi. Tsarin Sabon Ibadan ne sak, ya koma cikin tasha.

Wani dattijon direba da nake ba saƙo, duk sanda na cika tambaya sai ya ce: "Kai ɗana, kwantar da hankalinka. Kayan da anka ba ni amana, in ba mutuwa ba sai sun kai."

23/
Matsalar tana can ɗaya bakin. Direba ya isa Abuja da daddare, ya kira mai kaya, ba a ɗauka ba. Ko a ce masa "ina wurin aiki, kawo min Gwarimpa". Shi ba ɗan aike ba ne, fasinja ke jiransa da asuba. Sai ya bar kwalin wurin wani a tasha, shi ma sai an ba shi na ajiya. Mai saye ya ji an ce ya ƙara kuɗi, ya dawo kanka da faɗa.

Ga man gyaɗa, in galan ya yi ɗigo a kan buhun wani fasinja, ranar ka ji kunya da asara a haɗe.

24/
Sai ita kanta hanyar. Ba sai na yi muku dogon bayani ba, kun san abin da ake nufi in an ce "hanya ba kyau yau". Tsakanin Shinkafi da Ƙaura akwai ranakun da mota ba ta tashi sai an ji labari daga waɗanda suka riga wucewa, akwai lokacin da in yamma ta yi ba mai shiga.

Mai saye a Legas ya saba da "gobe zai iso". Ni ba na iya faɗin haka. Abin da nake cewa: "In hanya ta yi kyau." Wasu su gane, wasu su ɗauka salon yaudara ne.

25/
Akwai wanda ya fi wannan ciwo, sunan garin. Ciniki yana tafiya lafiya, an yaba kaya, an yarda da farashi. "Daga ina za a turo?" Ka ce Shinkafi. Shiru. Wani ma ya tambaye ka cikin wasa ko kuɗinsa ba wurin 'yan bindiga za su ƙare ba.

Na san masu rubuta Kaduna ko Kano a shafinsu don kauce wa wannan. Ban ga laifinsu ba. Ni dai na bar nawa, don masu sayena na gaskiya sunan ne ya kawo su: daddawar gida suke nema.

26/
Yanzu 2021. Duk mai son fahimtar kasuwancin intanet a Zamfara sai ya san wannan shekarar.

5 ga Yuni aka rufe Twitter a Najeriya baki ɗaya, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. Masu saida kaya a nan suka koma VPN ko suka yi ƙaura zuwa Instagram. Mu a Zamfara ashe wannan somin-taɓi ne.

27/
Daga 1 ga Satumba gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako a jihar, ta hana safarar dabbobi, ta taƙaita saida fetur da zirga-zirgar babura, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar abinci da mai. A ranar ce kuma aka sace ɗalibai a makarantar Kaya ta Maradun.

3 ga Satumba hukumar NCC ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a duk jihar, bisa roƙon gwamnatin jiha. Mako biyu aka ce da farko.

28/
Ba hukunci na zo yankewa kan matakin ba. Mutane da yawa da aka kashe musu 'yan uwa sun goyi bayansa a lokacin, kuma wanda bai kwana a daji yana gudun harbi ba bai kamata ya yi saurin magana ba.

Abin da ya shafi zarenmu shi ne: kasuwar Alhamis a rufe, waya a mace. Inda ake sayo kaya da inda ake sayar da su, duka biyun sun tafi a mako ɗaya. POS ba ya aiki, tiransifa ba ta shiga.

29/
Mutane suka riƙa hawa mota zuwa Funtuwa don su yi kira ɗaya. Sai Katsina ta kashe sabis a ƙananan hukumomi 13, har da Funtuwar. Sakkwato ta kashe a 14. Wasu sassan Kaduna suka biyo baya. Inda za ka je ka ce "ina lafiya" ya ƙara nisa.

Sai ga wasiƙa ta dawo. Takarda da biro, a ba direba, ya kai, ya dawo da amsa. Shekara 20 bayan zuwan GSM. Cinikin da ya rayu a watannin nan shi ne wanda dama akwai direba da ɗan uwa a tsakani.

30/
Wani abu da ba na mantawa: 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya na kimanin awa shida. Duniya ta rikice, ana lissafin asarar 'yan kasuwa.

A Shinkafi ba wanda ya san an yi. Mun fi wata guda a haka. Gusau ce kawai aka mayar wa sabis ranar 1 ga Oktoba. Sai farkon Nuwamba aka buɗe wasu kasuwanni har da tamu, sanarwar maido da sabis a sauran jihar kuwa sai ƙarshen Nuwamba.

31/
Wata uku shafi bai motsa ba, a intanet kamar shekara uku ne. Mai saye ba ya jira, ya samu wata mai yaji a Kaduna. Wanda ya biya kafin a kashe sabis kuma bai ji ɗuriyarka ba, me kake so ya zata?

Abin da shekarar ta nuna mana shi ne sabis ma hanya ce, kamar ta Ƙaura. Ana iya tare ta, kuma ba a hannunka take ba. Mabiya dubu goma da ke shafinka ba ka da ko lambar mutum ɗaya a takarda.

32/
2023 ta zo da nata. Sauyin fasalin naira da Babban Banki ya sanar a Oktoban 2022 ya jawo ƙarancin takardun kuɗi a Janairu da Fabrairu. Zamfara tana cikin jihohi uku, da Kaduna da Kogi, da suka fara kai ƙara Kotun Ƙoli. 3 ga Maris kotun ta ce tsoffin kuɗi su ci gaba da aiki.

Ga mai saida kaya a intanet abin ya zo a karkace: mai saye ya biya ta waya, amma mai kalwa da mai gyaɗa a kasuwa tsaba suke so. Kuɗinka na cikin waya, sai ka saye su da tsada wurin mai POS.

33/
Sai dai wahalar ta bar abu ɗaya mai amfani. Dattawan da suka rantse ba za su taɓa karɓar tiransifa ba sun buɗe asusu. OPay, Moniepoint, PalmPay suka shiga har rumfunan kasuwa. Yau direba ma cewa yake "tura min a waya".

Da ita kuma alat na bogi ya yawaita. Hoton shaidar biya ba kuɗi ba ne. Buɗe asusunka ka gani da idonka kafin kwali ya bar hannunka, ko da mai turowar ya ce shi limami ne.

34/
29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da ₦200 zuwa sama da ₦500 cikin kwanaki. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli aka rufe iyaka har Maris 2024, mu kuwa Maraɗi maƙwabta ce, kaya da yawa ta can suke shigowa.

Sakamakon a wurina mai sauƙin faɗa ne: akwai kayan da kuɗin motarsu ya kusa kamo kuɗinsu. Ba mai sayen yajin kwalba ɗaya daga Shinkafi zuwa Legas. Dole ka koma haɗa kaya da yawa a kwali guda, ko mutum uku a unguwa ɗaya su haɗa oda.

35/
To me ke aiki? Abin da na ga yana aiki wurina da wurin wasu, duk tsohon abu ne da sabuwar riga.

Na farko, ka samu mai gida a can. Ɗan uwa ko ɗan garinku mai shago a Kaduna ko Abuja, ka tura masa kaya da yawa lokaci guda su zauna wurinsa. Mai saye ya je ya gani ya biya, ko a kai masa a babur a ranar. Ka ba mai shagon la'adarsa ba tare da ƙyashi ba. Ranar da hanya ta rufe ko sabis ya ɗauke, shagonka yana can yana ci.

36/
Masu sayenka na farko kuma ba baƙi ba ne. Zaurukan WhatsApp na 'yan gari, na tsoffin ɗaliban makarantarku, na 'yan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura, na matan unguwa da suka yi aure a birni. Can an san gidanku. Mace ɗaya a Kubuwa ta ce "na saya wurinsa, ɗan gidan su wance ne", ta fi maka tallan kuɗi na wata guda. Ta ara maka sunanta ne, kuma in ka ɓata, nata ka ɓata.

37/
Rajistar sunan kasuwanci a CAC tana taimakawa, asusu da sunan shago ya fi kwantar da hankalin baƙo a kan sunan mutum. In abincin da ake ƙullawa a leda ko kwalba kake son kaiwa manyan shaguna, maganar NAFDAC na gaba. Amma kar ka ci bashi don waɗannan kafin ka saida kwali goma na farko.

Littafi dai ka saya tun ranar farko. Na takarda. Suna, gari, lamba, abin da ya saya. Wanda ya ga 2021 ba sai an faɗa masa dalili ba.

38/
Abin da har yau ba mu da shi shi ne mai riƙe kuɗi a tsakiya wanda talaka ya yarda da shi. Akwai manhajojin da ke cewa suna yi, amma Hajiya a Kaduna ba ta san su ba, Gwaggo a Shinkafi ba ta san su ba, kuma in rigima ta tashi ba ƙofar da za a buga.

Ni a ganina tasha ce ta fi kusa da iya wannan. Suna da ofis a kowane gari, suna da shugabanni, suna da hanyar hukunta nasu. A ce mai saye ya biya a tashar Kaduna, a rubuta, kaya su iso ya duba, sannan a sakar wa mai kaya kuɗi a tashar Shinkafi. Rabin tsarin yana nan, ana yinsa da baki. Masu iya rubuta manhaja a cikinku, kafin ku kwaikwayi abin Legas ku je ku zauna da 'yan kamasho kwana biyu.

39/
Wanda yake da labarin yadda kakansa ya yi fataucin Gwanja, ko wanda gidansu ya taɓa zama masaukin baƙi a Shinkafi ko Ƙaura zamanin gyaɗa, ya ajiye min a ƙasa, ina tattarawa.

Masu oda kuma: Alhamis nake haɗa kaya bayan kasuwa, Juma'a da sassafe su tashi, in hanya ta yi kyau.